Bahago da ƙwaƙwalwarsa

Mai karatu, duba ajinku na yaƙi da jahilci. Wataƙila akwai mai riƙe alli da hagu, ana yi masa dariya. Ku bar shi ya rubuta abinsa. Cikin mutum 10, kusan 1 bahago ne. Ba rashin tarbiyya ba ne, daga ƙwaƙwalwa abin yake.

Ƙwaƙwalwa ɓari biyu gare ta, kamar goro. Ɓarin hagu ke sarrafa hannun dama da ƙafar dama. Ɓarin dama kuma shi ke da hagu. Magana fa? Ga yawancin mutane, har da bahagwai da yawa, ɓarin hagu ke riƙe da ita. Wani likitan Faransa, Pol Buroka, ya nuna haka a 1865.

Shi ya sa in hawan jini ya taɓa ɓarin hagu, dama ta shanye, magana ma takan ɗauke. In kun ga haka ga wani, kada ku tsaya turaren aljannu. Ku nemi mota nan take, ku kai shi likita, Tasawa ko Mayahi. Ku riƙa yi masa magana a hankali. Sau da yawa yana gane ku sarai, kalmar ce ta ƙi fita.