Mai Zanen Dawakin da Ya Fara da Fiɗa

Ranar Babbar Sallah a Madachi, da an sauko daga idi kowane gida akwai mai riƙe da wuƙa, amma ba kowa ya iya fiɗa ba. Ɗan koyo sai sara yake yi, ƙashi na dakushe masa wuƙa, fata ta huje wuri uku. Mahaucin gaske kuwa huda ƙafar baya yake yi, ya hura iska har ragon ya kumbura, ya tura dunƙulen hannu tsakanin fata da tsoka, sai ka ga fatar na salewa kamar ana tuɓe riga. In ya iso gaɓa, bakin wuƙar kawai zai sa, ta rabu da kanta. Shi ya sa in ya dafa gadon bayan rago mai rai a kasuwa, ya riga ya san abin da ke ciki.

Wannan mahaucin nake tunawa duk sanda na kalli aikin George Stubbs, Baturen Ingila da ya yi suna wajen zanen dawaki da karnuka. An haife shi a Liverpool a 1724, ɗan majemi ne, cikin warin fatu ya tashi. A 1756 ya kama haya a wata gona a ƙauyen Horkstow, ya shafe wata 18 yana feɗe dawaki. Sai ya tsiyaye jinin dokin, ya ɗura kitse a jijiyoyin don kada su lotse, ya rataye gawar da ƙugiyoyi a jikin sandar ƙarfe yadda za ta tsaya kamar mai rai. Ya cire fata ya zana, ya cire tsokar sama ya zana, ya shiga ta ƙarƙashinta, har ya iso ƙashi. Doki ɗaya kan ɗauke shi makonni. Wanda ya taɓa wucewa kusa da mushen jaki a bazara ya san irin ɗakin da mutumin nan ya zauna a ciki, shi da abokiyar zamansa Mary Spencer. Ya feɗe biri har wutsiya, in ji Bahaushe, sai dai nasa birin doki ne.

Da ya rasa masu sassaƙa masa zanen a kan farantin ɗab'i, ya zauna ya sassaƙa da kansa. Littafin nasa kan ƙirar jikin doki ya fito a 1766.

Mu nan yawancinmu a hawan Sallah muke ganin doki, kamar na Rano, kuma gaskiya kaya muke kallo: sirdi, jalala, linzami mai ƙyalli, rawanin mahayi. Dokin kansa daga ido sai kofato. Wanda ya san shi tsirara shi ne yaron barga mai kai masa harawa da dusa da kanwa, mai wanke shi da asuba, wanda ya san wace ƙafa yake ɗagewa in ya gaji a turke. Da idon wannan yaron Stubbs ya zana Whistlejacket wajen 1762, wani jan ingarma na basaraken Rockingham. Tsayin hoton ya kusa mita uku. Babu mahayi, babu sirdi, babu ko itace a bayansa. Doki ne kawai ya ɗaga ƙafafun gaba, ya juyo yana hararar mai kallo, jijiyoyin cinyarsa sun fito raɗau. A 1997 gidan ajiye zane-zane na ƙasa da ke Landan ya saye shi fam miliyan 11.

Karnukansa ma haka. Masu sarautar Ingila na zamanin suna ji da karnukan farautarsu yadda mafarautanmu ke ji da nasu in rani ya yi, sai dai su har kuɗi suke biya a zana musu su. Wasu karnuka biyu da ya zana a 1792, in ka duba, kowanne da halinsa a fuska, kamar 'yan gida ɗaya da ba su yi kama ba.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne manyan masu zane na Landan sun ɗan raina shi, wai shi mai zanen dabbobi ne kawai, su kuwa yaƙe-yaƙe da tarihin sarakuna suke zanawa. Haka muke yi wa mahauci: kowa na neman sa ranar layya, amma a wurin taro ba shi ake shimfiɗa wa darduma ba. Stubbs dai bai ajiye wuƙarsa ba. Ya rasu a 1806 yana da shekara 81, ya bar wani littafin bai ƙarasa ba, inda yake gwada ƙirar jikin mutum da na damisa da na kaza.