Ciwon Lufus da Gado: Labari Daga Koriya

Jama'a, lufus ciwo ne inda dakarun jiki masu yaƙi da cuta ke juyowa kan mai jikin. Sai gaɓoɓi su kumbura, kumatu su yi ƙuraje, har ƙoda ta taɓu. Cikin goma masu shi, tara mata ne.

A 2021 likitocin Koriya ta Kudu, da na Sin da Japan, suka bayyana binciken mutum 208,370. Sun sami wurare 113 cikin ƙwayoyin gado masu ƙara haɗarinsa, waɗansu kuwa su ke tada kumburi. To, ku lura, sauƙin kamuwa ake gada, ba ciwon kansa ba. Ba a ɗaukarsa wurin wani, kada a guji mai shi. Wadda ta ga alamun nan, ta zo disfensare a gwada fitsarinta, gama ƙoda ba ta kuka da wuri.