Gaskiya ko Jita-jita: Ciwon Sukari na Ciki da Nonon Mai Haihuwar Fari

A unguwar Plateau ta birnin Yamai, inda ma'aikatun gwamnati suke kuma mata ma'aikata suka yi yawa, ba baƙon abu ba ne a ce wa mai cikin fari sukarinta ya hau. Akan gano haka a wajen awo, galibi tsakanin mako na 24 da na 28. Daga nan shawarwari ke fara zuwa, daga uwa, daga gwaggo, daga makwabta, kowa da kyakkyawar niyya. Bari mu duba waɗanda suka fi shafar shayarwa.

Nonon mai ciwon sukari yana sa wa jariri cutar

Jita-jita ce. Ciwon sukari ba ya bin nono. Mabiyiya ce ke fitar da sinadaran da ke rage ƙarfin insulin a jikin mai ciki, shi ya sa da zarar ta faɗi sukarin yawancin mata yakan koma daidai. Abin da ke ba mu tsoro shi ne wasu jariran sukan galabaita a awannin farko, sai a ɗora laifin a kan nono. Alhali sukarin jaririn ƙasa ya yi: ya saba samun mai yawa a ciki, jikinsa ya ƙara insulin, da aka yanke cibiya sai hanyar ta katse. Abin da yake bukata shi ne a ɗora shi a ƙirjin uwa, a sa masa nono cikin awa ɗaya da haihuwa, ungozoma kuma ta auna sukarinsa.

Tunda kwana uku nono bai kawo ba, ba ta da nono

Nan ne shayarwa da yawa ke lalacewa, kuma nan ya kamata mu fi natsuwa. Nono yakan cika a kwana na biyu ko na uku. Amma yakan makara ga mai haihuwar fari, da mai ciwon sukari, da mai ƙiba, da wadda aka yi wa aiki. Sau da yawa mace ɗaya ce ke haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan, don ciwon sukari na sa jariri ya yi girma har a kai ga tiyata. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna masu wannan ciwo sun fi saurin daina ba da nono zalla. Wannan gaskiya ne, amma mu lura da yadda abin ke faruwa: jariri na kuka, uwa ba ta taɓa shayarwa ba, kaka ta tausaya, aka haɗa madarar gwangwani. Ya ƙoshi, ya rage tsotso, shi kuwa nono tsotso ne ke kawo shi. Bayan mako biyu sai a ce ai dama an faɗa.

Dakashin kwanakin farko kaɗan ne, amma cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a lokaci guda ba. A sa shi sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da rana. Idan likita ya ga dole a ƙara masa madara saboda sukarinsa, a bi umarnin, amma uwa ta ci gaba da ba shi tana kuma tatsa. Wadda ta haihu a asibitin haihuwa na Issaka Gazobi ko a asibitin unguwarsu, kada ta ji nauyin cewa ungozoma ta nuna mata yadda ake kama wa jariri nono kafin a sallame ta.

Mai allurar insulin ba ta shayarwa

Tana shayarwa. Insulin ba ya cutar da jariri ta nono, likitoci kuma suna ba masu jego metformin. Kada dai a tsayar da magani ko a canza shi ba da sanin likita ba.

Shayarwa na tsotse mai ciwon sukari, gara a yaye da wuri

Mun ga inda zancen ya samo asali, don mai jego kan ji jiri idan ta shayar ba ta ci ba. Maganin wannan abinci ne a kan kari, tare da rage zuba sukari a kunu da fura. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya bi mata kusan 1,000 a jihar Kalifoniya ta Amurka waɗanda suka yi wannan ciwo da ciki. Waɗanda suka fi dagewa da shayarwa, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari mai ɗorewa cikin shekara biyu ya ragu da kusan rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar nono zalla na wata shida, ko ruwa ban da shi duk zafin Yamai, sannan a ci gaba har shekara biyu. Hutun haihuwa a Nijar mako 14 ne, don haka ma'aikaciya ta koyi tatsa tun kafin ta koma ofis.

An haihu, ciwo ya wuce

Yakan lafa, amma yana iya dawowa a ciki na gaba, ko ya zauna daga baya. Ana so a sake awon jini tsakanin mako 6 da 12 bayan haihuwa. Hidimar suna da wankan jego ke sa mu manta, don haka mu haɗa ranar awon da fitar arba'in.