Ko Kun Sani?

Launin allon waya yana da tasiri a kan yadda ido ke jin daɗin karatu. Ɗan Dogondutsi ko Tibiri ya saba da iri biyu tun yana yaro: baƙar tawada a kan farin allon makarantar malam, da farin alli a kan baƙin allon lakwal. Salula ma haka take, musamman tun shekarar 2020 da WhatsApp ya fito da baƙin allo.

Farin allo yana sa ƴar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido ta tsuke, sai haruffa su fito tangaran. Shi ya sa baƙin rubutu a kan fari ya fi sauƙin karantawa da rana. Baƙin allo kuwa yana sa ƙofar ta buɗe. Ya fi daɗi da dare idan an ɗauke wuta, kuma masu yanar ido da yawa sun fi ganewa da shi, amma wasu sukan ga fararen haruffan suna hazo.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi gajiyar da ido shi ne rashin ƙiftawa. Mutum kan ƙifta ido kamar sau 15 a minti ɗaya, amma idan ya ƙura wa allo ido sai adadin ya ragu da rabi ko fiye. Ga kuma ƙurar hunturu tana ƙara busar da idon.

Saboda haka a daidaita hasken waya da na wurin da ake zaune. Kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20.