Kuɗin Rakiya A Teku: Darasi Daga Jirgin Yaƙin Ashanti Da Gyaɗar Da Ta Ratsa Minna

MINNA — Tun daga 1912, lokacin da aka haɗa layin dogo na Baro zuwa Kano da wanda ya taso daga Ikko, garin Minna ya zama mahaɗar da amfanin gonar Arewa ke ratsawa kafin ya kai bakin teku. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga kan sauko daga Kano da Zariya a cikin taragu, wasu su miƙe zuwa Afafa, wasu kuma su karkata zuwa Baro a ɗora su a jiragen ruwa na kogin Kwara. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a watan Satumba na 1939, wannan ciniki gaba ɗaya ya rataya a kan tambaya guda: shin kayan da suka bar Minna lafiya za su isa Libaful, ko kuwa za su nutse a tekun Atlantika? Amsar tana hannun jiragen yaƙin da ke raka ayarin jiragen kasuwanci.

Ayari a kan ruwa

Ɗan kasuwa Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kan ayari. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa tafiya ɗaiɗai. Sukan taru a ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da masu kwari da baka a gefe, domin ɗan fashi ya fi samun sa'a a kan wanda ya ware. Wannan dabara ce Ingila ta bi a teku. Jiragen kasuwanci kan taru a tasha guda, su jeru sahu-sahu a ƙarƙashin wani hafsa wanda ke matsayin madugu, jiragen yaƙi kuma su kewaye su.

Ga Afirka ta Yamma, zangon taruwa shi ne Firitawun ta ƙasar Saliyo. Jiragen da suka yi lodi a Ikko da Fatakwal da Takoradi can suke haɗuwa da waɗanda suka fito daga Kudancin Amurka da Afirka ta Kudu, sannan su kama hanyar Ingila. Ayari na farko mai lamba SL ya bar Firitawun a watan Satumba na 1939, kuma tafiyar kan ci kusan mako uku.

A cikin masu rakiya, wanda aka fi nema shi ne jirgin da Turawa ke kira distiroya. Jirgi ne siriri mai tsananin gudu, yana ɗauke da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa don gano jirgin ƙarƙashin ruwa, da bama-baman da ke fashewa a zurfin teku, da manyan bindigogi. Aikinsa shi ne ya kori maharin, ya tilasta masa nutsewa har ayari ya wuce, ya kuma tsamo mutanen da jirginsu ya nutse.

Aikin Ashanti

Ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage da ke da alaƙa da yankinmu shi ne HMS Ashanti, wanda aka raɗa wa sunan mutanen Asante na ƙasar Gana ta yanzu, wato ƙasar da fatakenmu suka daɗe suna ciniki da ita. Kamfanin William Denny ne ya ƙera shi a Dumbarton ta Sikotland, aka saukar da shi ruwa a 1937, ya kama aiki a ƙarshen 1938. Gudunsa ya kai kimanin kilomita 67 a sa'a guda, alhali ayarin kasuwanci bai cika wuce kilomita 15 ba. A watan Fabrairu na 1939 ya ziyarci Takoradi, inda aka ba shi kyautar ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya daga Sarkin Asante, Prempeh na Biyu.

Shekarar 1942 ce ta fi kowace tsanani a gare shi. A watan Agusta aka tura ayarin jirage 14 domin kai abinci da mai zuwa tsibirin Malta, wanda Jamus da Italiya suka yi wa ƙawanya. Jagoran masu rakiya ta kusa, Admiral Burrough, yana cikin babban jirgin yaƙi mai suna HMS Nigeria. Ranar 12 ga wata wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya mai suna Axum ya harbi Nigeria da nakiya, ya yi masa mummunar ɓarna, sai Burrough ya koma cikin Ashanti ya ci gaba da jan ragamar tafiyar daga nan. Jirage biyar kacal suka isa Malta, cikinsu har da tankar mai Ohio, amma abin da suka kai ya isa ya hana tsibirin miƙa wuya.

Wata guda bayan haka Ashanti na can tekun ƙanƙara na arewa, cikin masu raka ayari mai lamba PQ 18 zuwa Tarayyar Sobiyet. Daga jirage 40, an nutsar da 13. A hanyar dawowa nakiya ta sami ɗan'uwansa HMS Somali ranar 20 ga Satumba. Ashanti ya ɗaure shi da igiya ya yi kwana huɗu yana jan sa, har guguwa ta karya Somali gida biyu ya nutse da mafi yawan waɗanda suka rage a cikinsa. A cikin jirage 16 irin wannan ƙira da rundunar ruwan Ingila ta mallaka, huɗu ne kawai suka ga ƙarshen yaƙin. Ashanti na cikinsu, kuma a 1949 aka sayar da shi aka farfasa.

Inda rakiya ta yi ƙaranci

Abin lura ga mai nazarin tattalin arziki shi ne, mafi yawan aikin Ashanti a tekun arewa da Bahar Rum ya yi shi. Jiragen rakiya ba su wadata ba, saboda haka Ingila ta riƙa kai mafi kyawunsu inda ta ga haɗari ya fi yawa, gaɓar Afirka ta Yamma kuma ta sami abin da ya rage. Jamusawa sun gane haka. A 1941 jirgin ƙarƙashin ruwa U-107 shi kaɗai ya nutsar da jirage 14 a fita guda, akasarinsu a kewayen Firitawun. A watan Oktoba na 1942 ayari mai lamba SL 125 ya rasa fiye da jirage goma. A daren 30 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu na 1943, U-515 ya afka wa ayarin TS 37 wanda ya taso daga Takoradi, ya nutsar da jirage bakwai. Masu rakiyar ayarin ƙaramin jirgin yaƙi ɗaya ne da jiragen kamun kifi uku da aka ɗora wa bindigogi.

Kamfanin Elder Dempster, wanda ya riƙe jigilar Nijeriya shekaru masu yawa, ya ɗanɗana kuɗarsa. Ya rasa Accra a watan Yuli na 1940 da Apapa a watan Nuwamba na shekarar. Abosso kuwa yana tafiya shi kaɗai ba rakiya aka nutsar da shi ranar 29 ga Oktoba, 1942, mutum 362 suka halaka.

Wa ya biya kuɗin?

Ayari yana ceton jirgi, amma yana da tsada ko da ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Jirgin da ya gama lodi dole ya jira sauran su taru. Mai sauri dole ya bi takun mai nawa. In an isa tasha kuma a isa gaba ɗaya, ma'aikata su rasa wanda za su fara saukewa. An ƙiyasta cewa wannan jinkiri ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na kayan da jiragen za su iya ɗauka a shekara. Ga kuma inshorar haɗarin yaƙi, wadda nauyinta ya sa gwamnatin Ingila ta shiga cikinta da kanta tun 1939.

Da gurbin kaya a jirgi ya zama abin rabo, sai gwamnati ta karɓe ikon yanke abin da za a ɗauka. Bayan Japan ta kama Malaya da Singafo a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza da man girki, ta juyo kan Nijeriya. Aka matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa, aka kuma ɗebi dubban mutane aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos daga 1942 zuwa 1944. A 1942 ɗin ne Hukumar Kula da Amfanin Gona ta Afirka ta Yamma ta karɓi sayen gyaɗa da manja, tana yanke farashi, tana raba wa manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt kason da kowa zai saya. Manyan dillalai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka ci gaba da saye a ƙarƙashin wannan tsari.

A ɗaya ɓangaren, kayan shigowa suka yi wuya. Gishiri da kananzir da yadi suka yi tsada a kasuwanni, albashi kuma bai bi sawun farashi ba, abin da ya kai ga yajin aikin gama-gari na watan Yuni na 1945, wanda ma'aikatan reluwe suka kasance a sahun gaba. Reluwe ɗin ma ta fito daga yaƙin da tsofaffin injuna da ƙarancin taragu, har buhunan gyaɗa suka riƙa taruwa dala-dala a Kano suna jiran jirgi. Tsarin yanke farashi kuwa bai tafi tare da yaƙin ba. Daga gare shi Hukumar Cinikin Gyaɗa ta 1949 ta samo asali, kuma irin waɗannan hukumomi suka ci gaba da riƙe farashin manomi har 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe su.

Abin da ya shafi ɗan kasuwar yau

Haɗarin teku bai ƙare da yaƙin Hitila ba. A 2020, daga ma'aikatan jirage 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. Nijeriya ta kafa dokar yaƙi da fashin teku a 2019, ta kuma ƙaddamar da shirin tsaro na Deep Blue a watan Yuni na 2021, hare-haren suka ragu ƙwarai. Duk da haka hukumar NIMASA ta sha kokawa cewa kamfanonin inshora na ƙetare ba su janye ƙarin kuɗin haɗarin yaƙi da suke ɗora wa jiragen da ke zuwa Nijeriya ba. Haka nan daga ƙarshen 2023, hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya sun sa manyan kamfanonin jigila zagayawa ta kudancin Afirka, kwanakin tafiya da kuɗin dako suka ƙaru.

Mai fitar da riɗi ko kaɗe ko citta daga Jihar Neja, da mai shigo da taki ko kayan gyaran injin, duk suna biyan kasonsu na wannan kuɗi, ko da ba su taɓa ganin teku ba. Ana cire shi daga farashin da ake ba manomi, ana kuma ƙara shi a kan farashin da mai saye ke biya. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa, kafin ya sa hannu a kwangilar fitar da kaya, ya tabbatar wa ke ɗaukar inshora, ko ta haɗa da haɗarin yaƙi da fashi, da kuma wanda zai ɗauki asara idan jirgi ya makara. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na jihohin da ba su da teku ma suna da ta cewa a duk lokacin da ake kasafin kuɗin rundunar sojan ruwa da gyaran layin dogo, ko ake batun farfaɗo da tashar Baro wadda aka buɗe a watan Janairu na 2019, domin a ƙarshe aljihun mambobinsu ne ke biyan kuɗin hanya, ta tudu da ta ruwa.