Shanun da Ba Su da Tozo: Abin da Duwatsun Birnin Kudu Suka Riga Dala Sani

Bakano idan zai ba da tarihin garinsu, daga kan Dutsen Dala yake farawa. Ya kawo Barbushe da Tsumburbura, ya kawo zuwan Bagauda a shekarar 999, ya gangaro kan Sarki Gijimasu da ya ɗora harsashin ganuwa, ya ƙarasa kan Muhammadu Rumfa da Kasuwar Kurmi. Masu tonon ƙasa sun ƙara masa tsawo, don sun samu alamun narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na bakwai. Daga nan sai labari ya tsaya cak, kamar kafin maƙeran Dala ba kowa a ƙasar sai iska da ciyawa.

Akwai mutane kuwa, kuma shaidarsu takan shigo har cikin birni ba a gane ta ba. A shimfiɗar masu maganin gargajiya wani lokaci za ka ga ɗan dutse mai santsi, baki ɗaya da kaifi, ɗayan a dunƙule. Gatarin aradu ake ce masa, wai tsawa ce ke jefo shi daga sama. Gatari dai gatari ne, amma hannun ɗan Adam ne ya goga shi a kan wani dutsen har ya yi kaifi, a zamanin da ba a san ƙarfe ba. Ruwan sama ke zaizaye ƙasa ya fito da shi, shi ya sa manomi kan tsince shi bayan an yi hadari, ya ɗora wa aradu. Wannan zamani shi masana ke kira sabon zamanin dutse: lokacin da mutum ya fara kiwo da noma da ginin tukunya, alhali kayan aikinsa duk dutse ne da ƙashi da itace.

Wanda ke son ganin abin da ya fi gatari, sai ya kama hanyar Wudil. Tafiyar kimanin kilomita 130 daga Kano za ta kai shi Birnin Kudu, wadda ƙasar Kano ce har zuwa 1991 da aka yanke Jihar Jigawa. A nan, cikin inuwar manyan duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen shanu a jikin dutse, mafi yawa da jan launi, wasu da fari ko baƙi. Mutanen gari sun san da su tun kaka da kakanni. A shekarun 1950 ne labarinsu ya shiga takarda, musamman ta hannun Bernard Fagg, Baturen nan da ya kafa gidan tarihi na Jos, wanda kuma ya fito da sunan gumakan Nok. Yau wurin yana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Duk wanda ya taɓa shiga kara, kallo ɗaya zai yi wa zanen ya ga abin da ya ɓace. Shanun ba su da tozo. Gadon bayansu a shafe yake tun daga wuya har gindin wutsiya. Wasu dogayen ƙaho gare su, wasu gajeru, jikinsu a cure kamar muturu. To ai Bunaji da Rahaji da Bokolo, shanun da muka buɗe ido muka gani, duk masu tozo ne. Kada a ce mai zanen ne bai iya ba. Mutumin da ya fitar da lanƙwasar ƙaho da hantsar saniya ba zai manta da tozo ba, in da akwai shi.

Wannan rashin tozo shi ne kalandar wurin. Saniya mai tozo asalinta yankin Indiya ne, ta gabashin Afirka ta shigo, kuma a makare ta iso ƙasashenmu. Wadda ta riga ta ita ce marar tozo, wadda makiyayan Sahara suka kora kudu. Jikokinta na nan: muturu a kurmi da wasu tsaunuka inda ƙudan tsando ke hana masu tozo sakat, da shanun Kuri masu kumburarren ƙaho a bakin Tafkin Chadi. Ke nan wanda ya yi zanen Birnin Kudu ya rayu ne a lokacin da garken ƙasar Kano bai yi kama da na yau ba. A ganina wannan hujja ta fi wata ƙididdiga daɗi, don Bafillacen da bai taɓa zama a aji ba zai iya karanta ta da kansa.

Me ya koro makiyayan daga Sahara? Fari. Daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ba rairayi ba ce. Wani ɗan sauyi a yadda duniya ke juyawa a gaban rana ya ƙara wa damina ƙarfi, ruwa ya riƙa kaiwa can arewa. Tafkin Chadi ya cika ya batse har ya haura murabba'in kilomita 300,000. A Gobero, cikin Tenere ta Nijar, tawagar Paul Sereno da ta fita a shekarar 2000 neman ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare ta yi kiciɓis da maƙabartar mutanen da suka zauna a bakin tafki, ga ƙasusuwan kifi da kada da dorina a wurin da yau ko ɗigon ruwa babu. A Dufuna ta Jihar Yobe, wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita takwas, wanda aka auna shekarunsa suka kai kimanin 8,000.

Gwanintar mutanen wancan zamani kuwa, a Dabous take, arewa da Agadas. A cikin birnin Kano akwai unguwar Agadasawa, don haka ba baƙuwar ƙasa nake ambata ba. A kan wani falalen dutse an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban ya kai mita 5.4, wato girman dabbar a raye. An fitar da kowane tabo na fatarta, aka goge layukan har suka yi sumul, duk da dutse a kan dutse. Daga bakin kowace akwai wani layi da ya sauko zuwa ga ɗan ƙaramin mutum. Igiya ce? Addu'a ce? Alamar dangi ce? Masana na ta kai-kawo. Bafaranshe Christian Dupuy ne ya rubuta labarin wurin a 1987, kuma an kiyasta shekarun aikin tsakanin 6,000 da 8,000. Wanda ya sauka a filin jirgin saman Agadas zai ga kwafinsu da aka zuba da alminiyom.

Da ruwa ya ja baya, garke ya bi shi. A Gajiganna ta Borno an tono matsugunan makiyaya na wajen shekara 3,800 da suka wuce, da ƙasusuwan shanu da 'yan gumakan shanu na yumɓu, irin waɗanda yaran ƙauye ke ginawa a bakin rafi har gobe. Birnin Kudu wani zango ne a kan wannan doguwar hanya, ko da yake zanenta ƙanƙane ne in aka gwada da Dabous ko Tassili ta Aljeriya.

Sai dai tana da abin da ya sa masana suka riƙa ambatonta. A gefen zanen akwai duwatsun da in aka buga su da wani dutse sai su yi amo kamar ƙararrawa, jikinsu duk ramuka saboda daɗewar bugu. Fagg ya ga haka a 1955, ya rubuta a kai, daga nan aka shiga gano irinsu a wasu sassan Afirka har da Turai. Ya kuma tarar da al'adar kai amarya wurin dutsen kafin a kai ta ɗakin miji, ƙawayenta na kiɗa da waɗannan duwatsu. Garin Musulmi ne tun da daɗewa, amma dutsen bai rasa baƙi ba. Wasu kan ce aikin aljanu ne ko na Samudawa, kamar yadda muka saba cewa a kan duk abin da ya girmi kakanninmu.

Abin da ke cin irin wannan zane sananne ne: hayaƙin wutar da ake hurawa a kogo, ruwan da mai ziyara ke watsawa don launi ya fito a hoto, gawayin yaro mai son rubuta sunansa, da gudumar masu fasa dutse. Jar ƙasar da ta jure rana da damina ƙarni bayan ƙarni, soso ɗaya ya ishe ta.

Makarantun cikin birni kan kwashi ɗalibai zuwa Gidan Makama, su hau Dala, su dawo. Da za a ƙara musu man mota, sai a tsaya da su a karar Wudil su ƙare wa bijimai kallo, su ƙirga masu tozo. Daga nan zuwa Dutsen Habude bai fi tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ba.