Agugu: A Shuka Shi a Inuwa, Kada a Kai Shi Baki

A shekarar 1916 wani likita Bature mai suna J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa. A ciki ya ambaci agugu, wata saiwa da ake sha don fitar da tsila, ya ce mai yiwuwa ba a ƙasar Hausa take tsirowa ba. Ya yi zaton saiwar tsiron nan ce da masana ke kira Dryopteris filix-mas, wanda ya cika dazuzzuka masu sanyi na Turai da Asiya da Arewacin Amurka. A can, a yau, yawanci don ƙawata lambu ake shuka shi.

Tsiro ne mai kyan gani. Ganyensa kan kai tsawon mita guda, sabon toho kuwa a nannaɗe yake fitowa kamar gammo, sannan ya warware sannu a hankali. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Wanda ya juya bayan ganyen zai ga wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a jere, kuma nan ne sababbin masu lambu ke yin ɓarna: sai su ɗauka cuta ce ko ƙwayayen ƙwari, su fesa magani ko su yanke ganyen. Alhali wani gari ne mai laushi a ciki, wanda iska ke kwasa ta watsa, da shi tsiron yake hayayyafa.

Agugun Turai ba zai jure zafin bazara irin na Kano ko Sakkwato ba, inda ma'auni ke haura digiri 40. Abin da masu sayar da furanni a bakin titunan Abuja da Kaduna da Jos suke ajiyewa danginsa ne na ƙasashe masu zafi, musamman Nephrolepis, wanda matafiyi kan gani maƙale a jikin itacen kwakwar manja a kudu. Buƙatarsu dai kusan ɗaya ce: inuwa, laima da ƙasa mai laushi.

Rana ita ce babbar abokiyar gabarsu. Tukunyar da aka girke a tsakar gida, ranar azahar na dukanta, ba a jimawa gefen ganyen zai ƙone ya bushe. Gindin mangwaro ko barandar da ke samun hasken safiya kawai ya wadatar. A cika tukunya mai huji a gindi da ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi, a kuma bar kan tsiron, inda toho ke fitowa, a saman ƙasa, don idan aka binne shi ruɓewa yake. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, a guje shi. Kafin ban ruwa a tsoma yatsa: in saman ƙasar ya fara bushewa a zuba, in da danshi a dakata. Waɗanda son abu ya sa suke kwarara ruwa safe da yamma har tukunya ta zama taɓo, su ma kashe shi suke yi.

Hunturu ne lokacin gwaji. Busasshiyar iska na tsotse ganyen, ƙura ta lulluɓe shi. Sai a tara tukwanen wuri guda, a nisanta su da mashigar iska da na'urar sanyaya ɗaki, a riƙa ɗauraye ganyen. Mai son ƙari kuma ya jira farkon damina ya raba gindin gida biyu da wuƙa mai kaifi.

Batun shan saiwar agugu kuwa, nan hatsarin yake. Gaskiya ne tana fitar da tsila. A 1775 Sarkin Faransa Louis na 16 har kuɗi ya biya don a bayyana sirrin wani maganin tsila da aka haɗa da ita. Sinadarin da ke cikinta yana shanye jikin tsutsar har ta saki hanji. Amma tazarar da ke tsakanin awon da zai yi aiki da wanda zai yi illa ƙarama ce ƙwarai. An samu waɗanda suka kamu da amai da gudawa da jiri, hanta ta taɓu, wasu suka makance, wasu ma suka rasa rayukansu. Haɗa ta da man zurma ko abinci mai maiƙo ya fi muni, domin mai yana jan gubar zuwa cikin jini. Shanun da suka ci saiwar a Turai su ma an ga sun makance.

Shi ya sa likitoci suka yi watsi da ita tun da aka samu niclosamide da praziquantel. Wanda ya ga gutsattsarin tsila a bahaya ya nufi asibiti a gwada shi, kada ya sayi saiwar da ba a san awonta ba. Don guje wa kamuwa da tsila, a dafa naman shanu ya nuna sosai, tsire da balangu ma a tabbata sun gasu har ciki, a kuma ɗaga tukunyar tsiron daga inda yara da awaki za su kai gare ta.